GIDAN ADANA TAKARDUN TARIHI NA KADUNA

Wannan bayani domin hakimai ne da malamansu, don su san inda tsofaffin takardun mulki su ke, da amfanin tsare waɗanda ke hannunsu.

A 1951 Gwamnati ta sa Dokta Kenneth Dike, malamin tarihi a Ibadan, ya binciki halin da takardun ofisoshi ke ciki. Ya tarar gara da danshi sun yi wa da yawa ɓarna. Bisa shawararsa aka buɗe ofishin ajiyar takardu a Ibadan a 1954, sa'an nan dokar 1957 ta mai da shi Gidan Adana Takardun Tarihi na Nijeriya. Aka yi masa rassa a Inugu da Kaduna, aka danƙa wa na Kaduna takardun Arewa.

Abin da ke Kaduna iri uku ne. Na farko, fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa, tun daga zamanin Gwamna Lugga. Na biyu, takardun larduna, kamar Kano da Sakkwato da Zazzau, watau rahotannin Razdan da na Di'o, da ƙididdigar haraji da jangali, da littattafan gundumomi masu bayyana iyakoki da jerin hakimai. Na uku, littattafan Larabci rubutun hannu, har da wallafe-wallafen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Bello.

To, ina amfaninsu? In gardama ta tashi a kan iyakar gunduma, ko burtali, ko gadon sarauta, dattawan da suka shaida abin sun riga mu gidan gaskiya. Takarda ita ce shaidar da ta rage. Gundumar da ta wofintar da tata, ranar shari'a sai ta dogara ga abin da abokin gardama ya kawo.

Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada a ƙone tsohuwar takarda don an ga ta tsufa.
2. A ɗaga akwatin takardu daga ƙasa, a nisanta shi da bango da wurin yoyo.
3. A cire allura da ƙarfen maƙale takardu, gama tsatsa tana cinsu.
4. Malami ya rubuta jerin abin da ke akwatin, ya miƙa wa magajinsa hannu da hannu.

Wannan amana ce a wuyan kowane hakimi. Allah ya ba da ikon riƙewa, amin.