Yadda Ake Gyara Wa Ɗalibi Yininsa Kafin Damuwa Ta Kayar Da Shi

Da wuya ka shiga makaranta a kewayen Kwangila, mahaɗar hanyoyin Kano da Kaduna da Funtuwa, ba ka tarar da yaron da aka riga aka yanke wa hukunci ba. Wannan daƙiƙi ne, wancan ba ya jin magana, waccan kuwa shirunta ya yi yawa, ko iskokai ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. A ajin da ya ɗauki ɗalibai 70, lissafin ya kai 10 ke nan, kuma bulala ba ta taɓa warkar da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai fannin kiwon lafiya da ke jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Ma'aikacinsa ba ya rubuta ƙwaya. Yana duba abin da yaro ke yi daga asuba zuwa kwanciya, ya gano inda aikin ke cije masa, ya sauya aikin ko wurin. A Najeriya hukuma ɗaya ce ke ba irin waɗannan ma'aikata lasisi tare da masu gashin ƙashi, kuma ba su da yawa, galibinsu suna manyan asibitoci. Saboda haka malamin aji da malamin ba da shawara su ne za su ɗauki mafi yawan aikin, ƙwararre ya riƙa leƙowa yana saita su.

Ana farawa da zuba ido. Malam ya ware littafi, ya yi kamar mako biyu yana rubuta abin da idonsa ya gani kawai. Kada ya rubuta "malalaci ne". Ya rubuta cewa yaron ya kifa kai a kan benci bayan tara, ko ya yaga takarda da aka ce a kwafi rubutun allo. Da an jera kwanakin, za a ga matsalar tana da lokacinta da darasinta.

Daga nan sai zama da iyaye, kuma a ganina nan ne aikin yake kyau ko ya lalace. Uwar da aka kira ofishin hedimasta ta riga ta taho da kunya da shirin kare ɗanta. A fara da gaisuwa da faɗin abin da yaron ya iya, sannan a tambaya cikin ladabi: "Mama, ƙarfe nawa yake kwanciya? Yana karyawa kafin ya fito?" A zana yinin nasa a takarda, awa bayan awa. Karatun allo bayan asuba, boko har bayan azahar, Islamiyya da la'asar, sannan ga yara da yawa a Kwangila sai tallar ruwan leda ko gyaɗa a gindin gada da bakin tasha, ana bin motocin Kano da Kaduna da Funtuwa har dare. Wanda gidansu ke bakin titi kuma ƙarar tireloli ce ke raka shi barci. Yaron da ya kwana awa 5 alhali jikinsa na neman 8 zuwa 10, ba tarbiyya ya rasa ba. Cewa uwa ta daina ɗora talla magana ce mai sauƙi a bakin mai albashi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a roƙi awa guda: ya dawo gida da magariba a ranakun makaranta.

Kafin a ce damuwa ce, a kai shi a duba ido da kunne, a gwada jini, a tambaya ko yana farfaɗiya. Wanda ba ya ganin allo ma fushi yake yi.

Sai gyaran aji, wanda ba ya cin ko kwabo. Mai saurin rikicewa da hayaniya a ɗauke shi daga tagar da ke kallon titi. Aiki mai tsawo a gutsura masa shi, layi biyar, a duba, a ƙara biyar. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya a ba shi aikin da ke buƙatar tashi, kamar goge allo ko raba littattafai, motsin ya zama da izini. Mai faɗuwar gaba lokacin jarrabawa a koya masa jan numfashi a hankali da fitar da shi a hankali, kuma a koya wa ajin gaba ɗaya don kada a nuna shi da yatsa.

Zuciyar wannan jinya ita ce aikin da yaro zai gama ya ga sakamakonsa da idonsa. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu, suna cikin harkokin gari maimakon a kulle su, har duniya ta zo koyo. Makaranta ma tana iya yin nata daidai ƙarfinta: kunyar alayyafo a bayan aji, ɗinkin hula, saƙa, gyaran benci. A haɗa yara huɗu ko biyar, masu matsala da marasa ita, kowa da nasa kason. Yarinyar da ba ta buɗe baki a aji za ta yi magana idan ita ce mai rabon ban-ruwa, domin aikin ne ya nemi maganar. Kada dai a mayar da shi horo. Ranar da aka ce "je ka yi noma tunda ka yi laifi" an kashe maganin.

Akwai inda hannun malami ya tsaya. Yaron da ya ambaci kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya daina ci da barci, ko aka ga alamar tiramadol, sholisho ko kodin, wanda gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, ba a jiran ƙarshen zango. A kira iyaye a ranar, a kama hanyar Samaru zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, kuma gara malami ya faɗi haka da bakinsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin mara lafiya da sirrinsa, don haka labarin yaro ba na hira ba ne a ofishin malamai.

Bayan mako shida a sake buɗe littafin nan, a zauna da uwar da yaron kansa, a tambaye shi abin da ya taimaka masa. Abin da bai yi aiki ba a sauya shi, wanda ya yi a rubuta, a miƙa wa malamin da zai karɓi ajin baɗi.