Kafin A Sauke Reshe Da Igiya: Abin Da Za A Duba A Jikin Ƙugiya

A garin Riko da ke ƙaramar hukumar Jibiya, itacen bedi kan miƙa rassa har saman rufin kwano. Irin wannan reshe ba a barinsa ya faɗo, da igiya ake sauke shi. To, wace ƙugiya ce za ta iya ɗaukarsa?

1. A karanta rubutun jikinta, ko da ta hanyar zuƙo shi da kyamarar waya. Alamar kN ma'aunin ƙarfi ce: kN 1 kusan kilo 100 ne. Wadda ba ta da rubutu, a bar ta.

2. MBS na nufin nauyin da zai karya ta, WLL kuwa nauyin da aka amince ta ɗauka. Idan MBS kaɗai aka gani, a raba shi biyar: kN 25 ya koma kilo 500.

3. A zaɓi ta ƙarfe mai bakin kullewa, kuma a ware ta da wadda mai hawa ya ɗaure kansa da ita.

4. Idan reshe ya faɗo kafin igiya ta riƙe shi, fizgar kan ninka nauyinsa. A yanka shi guntu-guntu, musamman idan ɗanye ne.