Haske da akwatin hoto

A gidaje da yawa na Afala akwai hoto liƙe ga bango, ko ɓoye cikin akwatin tufafi. Galibi ƴan cin rani ne suka aiko da su daga Abijan ko Legas, don iyaye su ga ɗansu yana nan lafiya. Wani hoton na katin ɗan ƙasa ne, wani na takardun jarrabawa. A da, sai mutum ya tafi Tawa ran Lahadi, ranar kasuwa, kafin ya sami mai ɗaukarsa. Yanzu salula ta shiga ƙauyuka, har yara suna ɗaukar hoto. Amma da yawa daga cikin hotunan ba su da kyau. Ga riga fara fat, ga fuska baƙa ƙirin, ko uwar da ta haifi mutum ba ta gane shi. Sai a ɗora wa salula laifi, alhali mai ɗaukar ne bai san halin haske ba.

Haske yana tafiya miƙe

Haske ya fi kome sauri. Yana cin kilomita 300.000 cikin daƙiƙa guda. Duk da haka, hasken rana yana yin minti 8 da ƴan kai kafin ya iso ƙasa. Tafiyarsa miƙe take sak, ba ya kwana, ba ya kewaye bango. Shi ya sa ake samun inuwa.

Wanda ya taɓa kwanciya da rana cikin ɗakin kara ya ga wannan da idonsa. Hasken da ya shigo ta ƴar kafa yakan miƙe kamar sanda, ƙura tana yawo a cikinsa. Ƙarƙashin itacen bedi ma akwai abin lura. Ɗigon hasken da ke faɗowa ƙasa ta tsakanin ganye kewayayyu ne, ko da kafofin ganyen ba kewayayyu ba ne. Kowane ɗigo surar rana ce ƙarama. Ran 29 ga Maris 2006, da aka yi husufin rana a Nijar, ɗigon nan sun koma kamar jinjirin wata.

Wani malami Balarabe, Ibn al-Haisam, ya yi nazarin wannan al'amari. An haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya zauna Alƙahira, ya rasu wajen 1040. A zamaninsa masana da yawa suna tsammanin haske daga ido yake fita ya taɓa abu. Shi kuwa ya nuna cewa daga abu hasken yake tasowa ya shiga ido. Da ɗaki mai duhu da ƴar kafa ya yi gwaje-gwajensa. Wannan ɗaki shi ne kakan kowace kyamara.

Kyamarar gwangwani

Kowane ɗan makaranta yana iya yin tasa. A sami gwangwanin madara wanda babu kome ciki. A huda tsakiyar gindinsa da ƙaramar ƙusa, kafa guda tak. A shafa wa farar takarda man gyaɗa kaɗan har ta yi shara-shara, a rufe bakin gwangwanin da ita, a ɗaure da zare. Sai mutum ya lulluɓe kansa da bakin gwangwanin da baƙin zane, ya juya kafar wajen wani itace da rana ta haska.

Itacen zai fito a kan takarda, amma kansa ƙasa, gindinsa sama. Ba sihiri ba ne. Hasken da ya taso daga kan itace ya bi ta kafa miƙe, ya faɗa ƙasan takarda. Wanda ya taso daga gindi ya faɗa samanta. Cikin idon mutum ma haka surar take faɗawa a juye, ƙwaƙwalwa ce take daidaita ta.

Ana iya lissafin girman surar. In gawo yana da tsawon mita 10, mai kallo yana nesa da shi mita 20, gwangwani kuma zurfinsa santimita 20 ne, surar gawon za ta yi santimita 10. In aka ja da baya zuwa mita 40, sai ta koma santimita 5.

Yaro mai gaggawa yakan faɗaɗa kafar don ya ƙara haske. Haske yana ƙaruwa kam, amma surar sai ta dushe, rassa su cuɗe da juna. Ƙaramar kafa tana ba da sura mai kaifi marar haske, babba tana ba da haske marar sura. Don a raba wannan gardama ne aka sa wa kyamara gilashi mai tudu a baki, wanda yake tara haske mai yawa wuri guda. Irin gilashin nan yana ƙona busasshiyar ciyawa in an tara rana da shi. Saboda haka ba a kallon rana ta cikinsa ko sau ɗaya, ba a kallonta da ido tsirara. Ido in ya ƙone ba ya warkewa.

Ganin sura daban, kama ta daban. Sai wajen 1826 wani Bafaranshe, Nisefor Niyefs, ya kama surar rufin gidaje daga tagarsa a kan farantin ƙarfe da ya shafa wa magani. Farantin ya sha haske awa 8 ko fiye. A 1839 aka bayyana dabarar Dager a birnin Pari, a 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da ƙaramar kyamara mai fim wadda kowa ke iya riƙewa. Kyamarar salula ba ta da fim, amma har yanzu ɗaki ne mai duhu da kafa guda.

Yawon mai son hoto

Akwai mai hoto na sana'a, akwai na sha'awa. Na sha'awa ba ya jiran a kira shi. Yakan fita da kyamararsa ya gwada, ya ɓata, ya sake gwadawa. In mai hankali ne yana riƙe da ɗan littafi, yana rubuta lokaci da wuri da inda rana take.

A ce ya fita da hantsi zuwa rijiya. Rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana zuwa daga gefe. Igiyar guga, ƙahon sa, gumin mai jan ruwa, duk suna fitowa sarai. In ya tsaya rana tana bayansa, mutane suna fitowa da kyau amma suna runtse ido. In ya fuskanci rana, sai su zama baƙaƙen inuwoyi. Mafi kyau ya tsaya rana tana wajen kafaɗarsa.

Tsakar rana ita ce abokiyar gābar mai hoto a Adar. Ƙasar Tawa tana wajen daraja 15 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen farkon Mayu da wajen tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kai. Inuwar mutum takan shige ƙarƙashin ƙafarsa. A irin wannan lokaci goshi yana yi wa ido inuwa, hanci yana yi wa baki, malfa ko rawani kuwa su rufe fuskar gaba ɗaya. Ga kuma wata matsala. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta raba daidai. In ta ga farar riga da farin rairayi, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta fito daidai, fuska ta nutse cikin duhu. Wannan shi ne asirin hotunan salla da ba a gane mai su.

Maganin ba ya cin ko dala. A shigar da mutum inuwar rumfa ko ta bango, a juya fuskarsa wajen fili. A sa yaro ya riƙe farin zane a rana kusa da shi, zanen ya maido haske bisa fuskar. A salula kuma a taɓa fuskar da yatsa kafin a ɗauka, don kyamara ta auna haskenta ita kaɗai. Seydu Keita na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, galibi a tsakar gida yake aiki da hasken rana, da zane rataye bayan mutum. Hotunansa sun kai manyan gidajen nuni na Turai da Amurka.

Lokacin hunturu hazo yana rufe sama. Duwatsun nesa sukan ɓace, hoton daji ba ya armashi. Amma hazon yana tausasa rana, inuwa ta yi laushi, hoton fuska ya yi kyau ko da azahar. Sai dai ƙura tana lalata gilashi. Ba a goge shi da bakin riga, don rairayi yana karce shi. A hure tukuna, sannan a shafa da tsumma mai laushi.

A tabkin Tabalak, kan hanyar Agadas, ruwa yana zama madubi. Da la'asar sakaliya masunta da garken shanu suna fitowa biyu-biyu, ɗaya bisa, ɗaya cikin ruwa. A filin kokowa kuwa sauri ake bukata. Ƙofar kyamara tana buɗewa ta rufe cikin ƙiftawar ido. In ta daɗe a buɗe, ɗan kokowa yana fitowa kamar hayaƙi. Ba ta rufewa da sauri sai haske ya wadata, shi ya sa hoton kaye ya fi kamuwa da rana bisa ga almuru.

Da dare mai hoto yana gwada tocila ko fitila. Nan zai gano wata ƙa'ida. In ya matsar da fitila daga mita 1 zuwa mita 2, hasken da ke kan fuska ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin 4 ne. A mita 3, ɗaya cikin 9. Don haka walƙiyar salula ba ta kai wa makaɗan da ke can ƙarshen dandali, sai ƙeyar na gaba take haskawa.

Abu guda ya fi duk waɗannan. Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, balle matan aure a bakin rijiya ko marar lafiya a kwance. Hoton da ya shiga salula yana kai wa Abijan kafin mai shi ya koma gida, kuma ba ya kirawuwa.

Mustafa Alasan na Tawa

Ƙasar Adar ta zauna da mutumin da ya yi nisa cikin wasa da haske. An haifi Mustafa Alasan a 1942. Tun yana yaro yake tara abokansa da dare yana nuna musu wasan inuwa. Da akwati da fitila da zane-zanen hannunsa ya haɗa silimarsa ta fari, ba wanda ya koya masa. Ya yi aikin makanike. A Yamai ya gamu da Jan Rush, Bafaranshe mai ɗaukar fim, daga baya ya tafi Kanada ya ga aikin Norman Maklaren, gwanin fim ɗin zane.

A 1962 ya yi fim mai suna Aure. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana. Yana da wani kuma mai suna Kokowa, inda dabbobi suke kokowa a fili, ga mai shela, ga ƴan kallo. Abin ya dace da garin, don a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975.

Ƴar tsana ba ta motsi. Alasan yakan ɗauke ta hoto guda, ya ɗan matsa hannunta, ya sake ɗauka. Silima tana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda, ido kuwa ba ya iya raba su, sai ya ga motsi. Aikin yana son haƙurin mai saƙa. In fitila ta gusa ko kaɗan tsakanin hoto da hoto, fim ɗin zai riƙa ƙyaftawa. A Tawa ya zauna shekarunsa na ƙarshe, yana da masaukin baƙi, a ciki ya keɓe wurin aikinsa. Ya rasu a Wagadugu ran 17 ga Maris 2015.

Tambayoyi

1. Don me itace yake fitowa a juye cikin kyamarar gwangwani?
2. Me yake faruwa in an faɗaɗa kafar?
3. Me ya sa fuskar mai farar riga take yin duhu a hoton tsakar rana? Ƙaƙa ake gyarawa?
4. Hasumiyar masallaci tana da mita 12. Mai kallo yana nesa da ita mita 24, zurfin gwangwaninsa santimita 16. Nawa ne tsawon surar?
5. Fim ɗin ƴan tsana na minti 2 hoto nawa yake ci, in kowace daƙiƙa tana da 24?

Aiki

A kafa sanda mai mita 1 a filin makaranta. A auna inuwarta da ƙarfe 8, da ƙarfe 10, da ƙarfe 12, da ƙarfe 4 na yamma. A rubuta awon cikin littafi, a zana inda inuwar ta fuskanta kowane lokaci.