Hanyar Da Saƙo Ke Bi A Intanet, Da Wuraren Da Ake Tare Shi

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da yawa daga cikinmu muna aiki da intanet kullum, amma in yaro ya tambaye mu ta ina saƙo ke bi, sai mu ce masa ta iska. Wannan amsa ba ta isa ba, gama saƙon yana bi ta cikin na'urori da wayoyi waɗanda ake iya gani, kowannensu kuwa da mai shi.

Bari mu ɗauki misali da jirgin ƙasa. A shekarar 1927 Kafanchan ta zama mararrabar dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Ma'aikacin da ke juya dogo a mararraba shi ke sa kowane jirgi a kan hanyarsa. To, haka intanet take. In ka aika da hoto, akan yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi kamar taragu, kowane ƙunshi da lambar inda za shi. Na'urar da ke duba lambar ta sa shi a hanya ita ce rauta.

A ɗakin kwamfuta na makaranta za ku ga abu uku. Da fari akwai wayoyin da ke fita daga kowace kwamfuta zuwa wani akwati mai ramuka da yawa, wanda ke haɗa su su ji juna. Sa'an nan akwai rauta, wadda ke tsakanin ɗakin da duniyar waje. Na uku shi ne modem, mai juya saƙon ya dace da hanyar kamfanin sadarwa. Sau da yawa rauta da modem cikin akwati guda suke, da sim a ciki.

Daga nan saƙon yakan tashi zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Wannan ɗan tsakani a iska yake yin sa, shi ya sa dutse irin na Kagoro ke iya tare shi. Daga ƙarfen yakan shiga wayar gilashi da aka binne a gefen hanya, inda yake tafiya da haske, har ya kai Ikko, wato Legas. In kasashen waje za shi, sai ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kamar MainOne mai zuwa Fotugal da Glo-1 mai zuwa Ingila, waɗanda suka fara aiki a 2010. Ran 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka katse a teku, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Kun ga ke nan ƙofofin ba su da yawa, masu riƙe da su kuwa kamfanoni ne da hukumar NCC ta ba lasisi. Saboda haka gwamnati ba ta bukatar bin mutane gida-gida. Takarda guda zuwa ga kamfanonin ta isa. Iri biyu na rufewa muka gani a ƙasarmu.

Na farko shi ne toshe ƙofa ɗaya. Ran 4 ga Yuni, 2021, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu, 2022. A nan an umurci na'urorin kamfanoni ne su ƙi kai mutum adireshi ɗaya tak, sauran hanyoyi suna buɗe. Mutane da yawa suka zagaya ta VPN, wadda ke naɗe ƙunshin cikin wani ƙunshi mai adireshin wata ƙasa. A Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.

Na biyu shi ne kashe ƙarfen sabis ɗin kansa. An yi haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, a Zamfara a Satumban 2021, sa'an nan a wasu sassan Jihar Kaduna daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, domin a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu labari. A nan VPN ba ta da amfani, gama ba a zagaye dogon da aka cire.

Dalilin gwamnati ba na wasa ba ne, mu mutanen kudancin Kaduna mun san zafin hari. Amma sai mu auna ɗaya gefen kuma. Ƙarfen da ɓarawo ke kira ta kansa, ta kansa ne ƙauye ke neman taimako da dare, manomin citta yake jin farashin kasuwa, mai POS yake biyan kuɗi, ɗalibi kuma yake rajistar jarrabawa. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da ba da labari. Sashe na 45 kuwa ya yarda a rage shi domin tsaron jama'a, amma ta hanyar doka mai dalili. Don haka ya kamata ɗan ƙasa ya yi tambaya cikin ladabi: wace doka ce, har yaushe ne, wa zai duba ko ta yi amfani?

Ku da za ku fita koyarwa na gwaji, ga aikin da za ku ba yara. Su zana hanyar saƙo daga ajinsu zuwa Ikko, su rubuta sunan kowace na'ura, sa'an nan su sa alama a duk wurin da za a iya tare shi, su faɗi wanda ke riƙe da wurin.