Rufin Asiri Iri Biyu

Karatu: Markus 6:14-29, Yohanna 2:1-11
Ayar haddacewa: Misalai 28:13

Babu wanda yake so ya ji kunya a gaban mutane. In ka tambayi ɗan'uwa yadda ya kwana, zai ce maka sai godiya, ko da bai ci komai ba tun jiya. Shi ya sa addu'ar da ba ta barin bakinmu ita ce, Allah ya rufa asiri. Wannan ba laifi ba ne. Sa'ad da Adamu da Hawwa'u suka yi zunubi, sun ɗinka ganyen ɓaure suka rufe jikinsu, amma Allah da kansa ya yi musu tufafi na fata ya suturta su (Farawa 3:7, 21). Tun daga gonar Adnin ke nan rufin asiri ya kasu biyu. Akwai wanda mutum yake ɗinka wa kansa don ya ɓoye laifinsa, akwai kuma wanda ƙauna take yi wa wani.

1. Sarkin da ya ji kunyar baƙinsa

Hirudus mai mulkin Galili ya auri Hirudiya, matar ɗan'uwansa Filibus. Yohanna Mai Baftisma ya gaya masa a fili cewa hakan bai halatta ba, sai aka jefa shi a kurkuku. Duk da haka Hirudus yana jin tsoron Yohanna, domin ya san shi adali ne, yana ma jin daɗin sauraronsa.

A ranar bikin tunawa da haihuwarsa ya tara fadawansa, da shugabannin soja, da manyan Galili. 'Yar Hirudiya ta yi rawa, abin ya burge shi, sai ya rantse zai ba ta duk abin da ta roƙa, ko da rabin mulkinsa ne. Yarinyar ta shawarci uwarta, ta dawo ta nemi kan Yohanna a faranti. Markus ya faɗa mana cewa ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya san abin da ke daidai. Amma da ya tuna rantsuwarsa, ya dubi manyan baƙin da suka zuba masa ido, sai ya ga ba zai iya janye magana ba. Kunyar dare ɗaya ya guda, ya sa aka fille kan bawan Allah.

Ya kuwa sami kwanciyar rai? Ko kaɗan. Da ya ji labarin al'ajiban Yesu, abin da ya fara zo masa shi ne, Yohanna ne ya tashi daga matattu. Baƙi sun watse, amma lamirinsa bai bar shi ba. Misalai 29:25 ta kwatanta tsoron mutane da tarko, ga shi kuwa tarkon ya kama sarki a cikin fadarsa.

Haka sarki Saul ya yi. Da annabi Sama'ila ya tsawata masa don ya bar Agag da rai tare da kyawawan dabbobin Amalekawa, ya amsa cewa tsoron jama'a ya ji. Bayan ya ce ya yi zunubi, abin da ya roƙa shi ne Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawan Isra'ila (1 Sama'ila 15:24, 30). Allah ya riga ya ƙi shi, amma damuwarsa ita ce kada dattawa su gane.

2. Ganyen ɓaure a cikin ikkilisiya

Kada ka ce wannan labarin sarakuna ne kawai. Hananiya da Safiratu 'yan ikkilisiya ne. Sun ga Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin a gaban manzanni, su ma suna so a yabe su. Bitrus ya nuna musu cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, babu wanda ya tilasta su. Ba ƙarancin baiko ne ya kashe su ba, ƙaryar da suka yi wa Ruhu Mai Tsarki ce (Ayyukan Manzanni 5:1-11).

Bincika kanka. A ranar godiyar kaka, ka taɓa miƙewa ka yi alkawarin kuɗin da ka san ba ka da shi, don wane ya ambaci nasa? 'Yar'uwa, kin taɓa cin bashin anko alhali kuɗin makarantar yara yana jiranki, don kada a ce ba ki fito ba? Akwai gidajen da har an yi sunan ɗan fari ba su gama biyan bashin bikin aure ba. Akwai mai ɗaga hannu yana yabo ranar Lahadi, amma giya ko zina ko caca ta ɗaure shi a ɓoye, ya ƙi neman taimako don shi dattijo ne ko shugaban mawaƙa. Akwai mai ɓoye ciwo, ba asibiti, ba neman addu'a, sai abin ya ci ƙarfinsa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Shaiɗan yana son duhu, domin abin da ka ɓoye shi ne igiyar da yake jan ka da ita.

Zunubin Dawuda ba ƙarami ba ne: ya ɗauki matar Uriya, ya kuma sa aka kashe mijin don ya rufe maganar. Amma da annabi Natan ya fuskance shi, bai kawo hujja ba, bai roƙi a rufa masa a gaban fadawa ba. Ya amsa laifinsa a gaban Ubangiji, aka gafarta masa (2 Sama'ila 12:13). Bambancinsa da Saul ke nan.

3. Rufin asirin da Yesu ya yi

A bikin aure a Kana ta Galili ruwan inabi ya ƙare. Ka san irin abin kunyar da ke nan, a tara jama'a abin sha ya yanke. Maryamu ba ta yi shela ba, ta je wurin Yesu ta faɗa masa. Akwai randuna 6 na dutse a wurin. Yesu ya sa ma'aikata suka cika su da ruwa, ruwan ya zama ruwan inabi mai kyau. Lura da wannan: shugaban biki bai san inda ya fito ba, sai ya kira ango ya yaba masa. Da wannan Ubangiji ya fara alamunsa, ya rufa wa wani gida asiri, ya kuma bar ango ya sha yabo.

Yusufu ma, da ya ga Maryamu tana da ciki, tun kafin mala'ika ya yi masa bayani, ya ƙudura ya rabu da ita a asirce don kada ya tone ta (Matiyu 1:19). Littafi ya kira shi adali.

To, kai fa? In ɗan'uwa ya yi maka laifi, Yesu ya ce ka fara samunsa ku biyu kaɗai (Matiyu 18:15), ba a WhatsApp na zumunta ba. Kada ka mai da roƙon addu'a hanyar baza asirin wani. In za ka taimaki gwauruwa, kai mata hatsin ba tare da ɗaukar hoto ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma ka kiyaye. Rufin asiri ba ya nufin a yi shiru ana cutar marar ƙarfi. In ana dukan mace, ko ana lalata da yaro, a ce a bar maganar don sunan gida ko sunan ikkilisiya, wannan hanyar Hirudus ce: an sayar da marar laifi don a tsare fuskar manya. A kai irin wannan magana gaban shugabanni da hukuma.

Kammalawa

Yesu ya sha tofin yau da ba'a, aka tuɓe shi aka gicciye shi a bainar jama'a, bai mai da kunyar gicciye komai ba (Ibraniyawa 12:2). Ya ɗauki kunyarka domin ka daina ɗinkin ganye. Tone naka a gaban Allah, rufe na ɗan'uwanka a gaban mutane.

Abin yi a wannan mako

In akwai alkawari ko bashin da ya fi ƙarfinka, je ka faɗi gaskiya ga mai shi. In akwai zunubin da ya ɗaure ka, nemi fasto ko wani amintaccen mai bi ku yi addu'a tare (Yaƙub 5:16).

Addu'a

Ya Uba, ka 'yantar da ni daga tsoron mutane. Ruhu Mai Tsarki, ka haska duk inda na ɓoye, ka ba ni ƙarfin hali in tuba. Jinin Yesu ya wanke ni, adalcinsa ya suturta ni. Ka tsare bakina, ka mai da ni mai rufa wa 'yan'uwa asiri. Cikin sunan Yesu. Amin.