Masu Tsaron Kaya

Karatu: 1 Sama'ila 30:1-25, Luka 10:38-42.

Sa'ad da Dawuda ya komo Ziklag, ya iske Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da yara. Ya tashi da mutum 600, ya bi sawunsu. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka kasa ƙetarewa saboda gajiya, aka bar su wurin kaya. Sauran 400 suka ci gaba, suka ƙwato dukan abin da aka kwashe, har da ganima mai yawa.

A wurin rabo ne gardama ta tashi. Waɗansu cikin mayaƙan suka ce kada a ba masu tsaron kaya kome, sai dai kowa ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya tafi. A ganinsu wanda bai zare takobi ba bai yi aiki ba. Amma mu lura da abu biyu da Dawuda ya yi. Da fari ya gaishe su, ya tambayi lafiyarsu. Sa'an nan ya yanka shari'a cewa rabon mai tsaro da na mayaƙi ɗaya ne, wannan kuwa ya zama ka'ida cikin Isra'ila.

'Yan'uwa, masu tsaron kaya suna cikin gidajenmu. Ga mace ta tashi tun da asuba, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta yi wa yara wanka, ta kai abinci gona. Ban da aikin hannu, akwai na zuciya: ita ce ta ke tuna cewa hatsi ya yi ƙasa a rumbu, da lokacin da za a ba jariri magani. A wurin aiki ma haka ne. Mai shara da mai gadi, ba a tuna da su sai ran da ba su zo ba.

Wannan kaya yana da nauyi. Yana kawo ciwon baya da rashin barci, daga baya kuma ɗacin rai. Dubi Marta. Ita ce ta karɓi Yesu a gidanta, amma hidima ta yi mata yawa har ta kai ƙarar 'yar'uwarta gaban baƙo. Ubangiji ya nuna mata damuwar da ta cika zuciyarta, wadda ta hana ta zama ta ji maganarsa. Sau nawa mu kan zargi macen da ta ke gyangyaɗi cikin sujada, ba mu tambayi ko ƙarfe nawa ta kwanta ba? Idan an yi babban taro, matan Zumunta suna bakin murhu, wa'azi yana wuce su. In an bar su haka, ikilisiya ce ta yi hasara.

Saboda haka mu bi gurbin Dawuda. Mu ga aikin, mu ce sannu, mu sa hannu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi:

1. Don me mayaƙan suka ƙi raba ganima da 'yan'uwansu?
2. Wane ne ya share ɗakin da mu ke zaune a ciki yau?
3. Wane aiki za ka ɗauke wa matarka ko uwarka cikin wannan mako, domin ta huta?