Kwamfutata Ta Kulle Tun Daga Kunnawa, Kuma Aikin Digirina Yana Ciki

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a jami'a. Yayana ya saya mini laftof ta hannu, kuma duk aikin binciken da zan kammala karatu da shi yana cikinta. Ƙanena ya yi wasa da ita ya sa mata kalmar sirri, yanzu ya ce ya manta. Da na kunna sai ta tsaya a baƙin allo tana neman kalmar, ko Windows ba ta kaiwa. Wani mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin. Na kasa barci. Shin aikina ya tafi ke nan? Daga Hauwa'u, Zariya.

AMSA: Malama Hauwa'u. Sannu da wannan tashin hankali, Allah Ya kawo sauƙi. Idan na fahimce ki, kwamfutar tana neman kalmar sirri ne tun kafin tambarin Windows ya fito, kuma abin da ya hana ki barci ba kwamfutar ba ce, wahalar watanni ce da ke cikinta.

To 'yata, kwantar da hankalinki. Bisa yadda kika kwatanta, mafi rinjayen zato shi ne aikinki yana nan lafiya lau, ko harafi ɗaya bai goge ba. Roƙona ɗaya kafin komai: kada ki yarda a yi fomatin ɗin nan. Fomatin rumbun ajiya yake sharewa, wato had-dis, inda rubuce-rubucenki suke. Ita kuwa wannan kalmar sirri ba can take zaune ba. Zai iya yiwuwa a share aikinki tas, a kunna kwamfutar, ta sake tsayawa daidai inda ta tsaya jiya.

Ga dalili. A jikin babban allon lantarkin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wata 'yar manhaja da ke fara farkawa kafin kowa. Tsohon sunanta BIOS, sabon samfurinta kuma UEFI. Ita ke duba kayan cikin kwamfuta, sannan ta miƙa ragama ga Windows. Nan ƙanenki ya shiga ya sa makulli. Kamar an datse ƙofar zaure ne da kwaɗo: an hana ki shiga, amma kayan ɗaki suna nan yadda kika bar su.

Sai dai makullan da ake sawa a wurin iri uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na kunnawa, wanda ke hana kwamfuta tashi. Akwai na mai kula, wanda ke hana a taɓa saitin BIOS, kuma shi aka fi tararwa a kwamfutocin hannu da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka. Na uku shi ne wanda ake sa wa rumbun ajiyar kansa. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin yana bin rumbun duk inda aka kai shi. Ki duba allon da kyau. Idan kin ga an rubuta HDD ko SSD kusa da inda ake neman kalmar, ko hoton kwaɗo da ɗan faifai, to na ukun ne. Idan babu, kin samu sauƙi sosai.

Kafin ki kashe ko sisi, ki zauna da ƙanen nan naki. Kada a yi masa faɗa, yaron da ke cikin tsoro ba ya tuna komai. Ki tambaye shi a hankali, ku rubuta duk abin da yake zato a takarda: sunansa, laƙabinsa, shekarar haihuwa, ƙungiyar ƙwallon da yake so. Sau da yawa ba mantuwa aka yi ba, kibod ne ya yi dabara. Ki lura ko Caps Lock na kunne lokacin da ya rubuta. A ƙananan laftof kuma, idan Num Lock na aiki, haruffan U, I, O kan koma 4, 5, 6, su kuma J, K, L su koma 1, 2, 3. Idan kwamfutar daga Faransa ko Beljiyam ta fito, kibod ɗinta na iya zama irin wanda A ke zaune a gurbin Q, Z kuma a gurbin W, alhali BIOS na iya karanta shi da tsarin Amurka. Ku gwada kalmar da waɗannan sauye-sauye. Yawancin kwamfutoci kan tsaya bayan kuskure uku, wasu su rubuta System Disabled tare da wasu lambobi. Kada wannan ya firgita ki. Ki ɗauki hoton lambobin da waya, ki kashe, ki sake kunnawa.

Idan hakan bai yi ba, kuma makullin ba na rumbu ba ne, to aikin farko shi ne ceto rubutunki, maganar buɗe kwamfuta ta biyo baya. Ki kai ta wurin mai gyaran da aka yarda da shi, ki ce a ciro rumbun ajiyar, a sa shi a 'yar akwatin da ake jona wa wata kwamfuta ta USB, a kwafe miki fayilolinki a filash. Aiki ne da ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma ki tsaya a yi shi a gabanki, domin ban da karatu akwai hotuna da sirrinki a ciki. A wasu siraran laftof masu araha an liƙe rumbun da dalma a jikin madabod, ba ya ciruwa. Idan taki irin su ce, dole sai an bi ta hanyar buɗe makullin.

Akwai wani abu da nake so ki shirya masa tun yau. Kwamfutoci da yawa masu Windows 10 da 11 suna zuwa da BitLocker a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Wannan tsari yana rikita duk bayanan rumbu yadda ba mai iya karantawa sai da mabuɗinsa, lambobi ne guda 48. Idan an ciro rumbun, ko an canza madabod, zai nemi waɗannan lambobi. Galibi suna ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka shiga kwamfutar da shi. Ki shiga asusun ta wayarki, ko ki sa yayanki ya duba nasa, ku nemo mabuɗin, ki rubuta shi a littafi kafin kowa ya kwance sukurun ko ɗaya.

Za ki ji ana cewa a cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, kalmar za ta goge. A tsofaffin kwamfutocin tebur dabarar tana ci, har ma da wasu tsofaffin laftof. Mafi yawan na yanzu kuwa suna ajiye kalmar a wani ɗan guntu da ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abin da aka ba shi. A cire batirin a kwana, agogo da kwanan wata ne za su rikice, kalmar kuwa tana nan.

Hanya mafi tsabta ita ce ta kamfanin da ya ƙera ta, kuma kamfanonin sun bambanta. Dell na ba da lambar buɗewa idan aka kawo musu lambar da ke ƙasan kwamfutar, mai haruffa da lambobi bakwai, tare da shaidar mallaka. Lenovo kuwa ya faɗa a littafin ThinkPad cewa idan aka manta kalmar mai kula, ba shi da hanyar goge ta sai an sauya madabod, idan kuma ta rumbu ce sai an sauya rumbun. Apple ma sai ya ga rasit na asali. Saboda haka ki tambayi yayanki rasit, ku koma wurin wanda ya sayar masa. Wannan tsauri ba don a wahalar da irinki aka yi shi ba, don kada kayan sata su yi daraja ne. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai zai tambaye ki shaida, kada ki ji haushinsa.

Akwai ƙwararru, a wurare irin su titin Beirut a Kano, da ke da na'urar sake rubuta guntun BIOS ɗin. Aikin yana yiwuwa, amma hannu yake so, kuskure kaɗan na iya kashe madabod gaba ɗaya. Kada a fara shi sai fayilolinki suna cikin jakarki. Shafukan intanet masu cewa a turo kuɗi su aiko da lamba kuwa, ki yi nesa da su, haka ma duk wata manhaja da aka ce a sauke don fasa makulli.

A halin yanzu ki duba imel ɗinki da WhatsApp, da wuya a ce ba ki taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki ko wata ƙawa wani babi ba. Ki kuma sanar da malamin halin da ake ciki tun da wuri. Idan an kwafo aikin, ki ajiye shi wuri biyu, ɗaya a filash, ɗaya a Google Drive. In har abin ya ƙi, ki sake rubuto mana sunan kamfanin kwamfutar da lambar samfurinta da ainihin abin da allon ya rubuta, za mu duba tare in sha Allahu. Allah Ya ba da sa'ar kammalawa.